Adashen Gwamnati da Gwaggo Ta Ƙi Ɗauka

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a ƙofar gidan Gwaggo a Gyadi-Gyadi, kuma a kwana ukun nan tambaya ɗaya na fi ji, har na haddace ta da muryoyi iri-iri: "Ashe ba ta da lafiya?" Masu shagunan bakin titi sun yi ta. Limamin masallacin layin ya yi ta. Matan da suka zo daga Daurawa da Unguwar Gano suka cika tsakar gida, su ma sun yi ta suna share ido da bakin mayafi. Ni kuwa sai in ce, "Wallahi kuwa, kwana ne ya ƙare," domin abin da ake faɗa ke nan a kan tabarmar makoki. Abin da na haɗiye daban ne. Shekara biyu cur tana fama da hawan jini, shekara biyu tana riƙe da katin da zai ba ta magani, kuma daga soron gidanta ana jin jiniyar motar asibiti.

Magana ta biyu da ta fi yawo ita ce, "Ba ta taɓa cin sisin kowa ba." Duk wanda ya faɗa sai jama'a su amsa da "Allahu Akbar." Da na shiga cikin gida gaida mata a rana ta biyu, wata dattijuwa ta sake faɗa, sai na ji wata murya a bayana ƙasa-ƙasa ta ce, "Ina ma ta ci." Na waiga. Nas ce, yarinyar da ke haya a ɗakin kusa da rijiya, wadda ke aiki a babban asibitin koyarwa. Idanunta sun kumbura, amma fuskarta ta fushi ce. Kusa da ita Madam ce zaune, mai shagon kayan masarufi na kan kwana, 'yar Kudu, Kirista, wadda ta fi shekara ashirin tana zubi a wajen Gwaggo. Ta yafa gyale kamar kowa, ta ƙi cin komai. Mu uku muka haɗa ido, kowa ya kau da kai. Mu ne muka san labarin.

Na san ajali ba ya zuwa da wuri, ba ya makara. Ba gardama nake yi da wannan ba. Ina rubutawa ne domin in an bar mutane da yabon da na ji a makoki, nan da shekara biyar za su mayar da ita wata salihar tsohuwa mai shiru-shiru, alhali matar da na sani ta fi kowa taurin kai a faɗin Tarauni, kuma na fi son a tuna ta a yadda take.

Yayar mahaifina ce. Allah bai bar mata ɗa ba, mijinta ya daɗe da rasuwa, don haka hidimarta a wuyana take, ko da yake ita a ganinta tawa ce a wuyanta. Sunan mahaifinsu aka sa mini, shi ya sa take kirana Babana. In na ɓata mata rai kuwa sai in koma Malam Makaranta, da wani jan murya da ke mayar da shekara ashirin da bakwai na koyarwa abin wasan yara. Gishiri take zubawa a miya kamar da gayya. Ba ta yarda da agogo ba, ba ta yarda da labaran rediyo ba sai ta ji daga bakin mai kayan miya. In ka kawo mata tsaraba sai ta tambayi nawa ka saya, ta gaya maka an cuce ka, sannan ta sa albarka.

Sana'arta uwar adashe. Ba ta yi boko ba, ba ta da littafi, amma ta san hannun kowa da watan kowa, ba a taɓa jin an yi musu a soronta an kwana ba a warware ba. Kuɗin zubi a cikin wata tsohuwar samira suke kwana. Dokokinta biyu ne, kuma ko gwamna ne ya zo ba za ta sassauta ba. Ta farko, mai buƙata shi ne gaba: in haihuwa ta zo, ko gobara, ko rashin lafiya, layi ya karkata. Shekarar da wuta ta cinye rabin shagon Madam, Gwaggo ta bi matan gida-gida da ƙafarta har kowa ta yarda aka ba Madam kwasar watan, wata bakwai kafin lokacinta. Doka ta biyu, uwa ita ce ƙarshe. Ba ta ɗauka sai kowa ya ɗauka, kuma ɗan abin da iyayen adashe kan cire wa kansu ita ba ta taɓa cirewa ba.

Nas ce ta fara gano ciwon. Ta ga Gwaggo tana dafe ƙeya da hantsi, ta ɗauko abin awon jini ta ɗaura mata a damtse, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Sannan ta kira ni a waya ina tsakiyar aji.

"Malam, ka san a kan me Inna take yawo? Wanda ya kai wannan lamba mu kwantar da shi muke yi."

A makon na je na yi mata rajista a shirin inshorar lafiya na gwamnati, wanda ake zuba wani abu duk wata, in ciwo ya zo a duba mutum a ba shi magani. Na kawo mata kati mai hotonta. Ta juya shi gaba da baya, ta ce an fito da ita kamar mai neman faɗa, wanda kuwa gaskiya ne, sannan ta tambayi mene ne amfaninsa.

A nan na yi kuskuren da har yau nake cizon yatsa a kansa. Tattalin arziki nake koyarwa a sakandare. Babin inshora na koyar da shi ya fi sau hamsin. A kwalejin horon malamai an dasa mana cewa darasi yana tashi ne daga abin da ɗalibi ya sani zuwa abin da bai sani ba. Sai na gyara zama, na ji daɗin kaina, na ce, "Gwaggo, ai kamar adashe ne."

Idonta ya yi haske. Ban taɓa samun ɗalibin da ya kama darasi da sauri haka ba, ban kuma taɓa samun wanda ya ƙi sakinsa haka ba.

"To ni zan riƙa zubina," in ji ta. "Ba a yi wa mai rai zubi."

Na ce ni zan biya. Ta ce in na kuskura za ta mayar musu da katinsu. Daga ranar, duk ɗaya ga wata sai ta ci ado, ta hau adaidaita sahu zuwa ofishin, ta kwance bakin zane ta ƙirga wa akawun kuɗi a kan teburinsa. An gaya mata ana iya turawa ta waya. Ta ce ita ba ta zubi a inda ba ta ga fuskar mai karɓa ba. Akawun, wani bawan Allah mai haƙuri da gilashi a ido, shi ya ba ni labarin zuwanta na farko.

"Ɗan nan, mu nawa ne a ciki?"

"Hajiya, ai da yawa. Dubbai."

"Dubbai! To wace ce uwar?"

Ya yi tunani, ya ce, "Gwamnati."

Ta ce, "To fa. Allah Ya rufa asiri." Sannan ta tambayi wa ya ɗauka wannan watan. Ya ce ba haka ake yi ba, duk wanda ba shi da lafiya shi ake yi wa magani. Ta gyaɗa kai, ta ce wannan tsarin ya yi, ita ma haka take yi.

Na ɗauka an wuce wurin. Ranar da na kai ta ƙaramin asibitin da aka zaɓa mata, muka zauna a benci muna jiran a kira mu. Gabanmu wata mai tsohon ciki ce tana numfashi da ƙyar. Gefe wani magidanci ne da ƙafa a naɗe, ƙudaje na bin bandejin. Gwaggo ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta sunkuyo ta tambaye ni ko su ma 'yan zubin ne. Na ce galibinsu. Sai ta miƙe, ta gyara mayafi, ta nufi ƙofa.

Na cim mata a bakin titi tana tsayar da adaidaita.

"Gwaggo, ina za ki? Saura mutum huɗu a kira ki."

"Babana, kai ba ka da ido ne? Ka ga matar nan? Ka ga ƙafar mutumin nan? Ni da na zo da ƙafata in sha gabansu saboda ciwon kai?"

"Ba shan gaba ba ne. Kowa za a ba shi nasa. Naki ba ya rage nasu."

"Tukunya ɗaya ce ko ba ɗaya ba ce?"

"Ɗaya ce, amma..."

"In an ɗiba tana raguwa ko ba ta raguwa?"

Ga ni nan tsaye a rana, mai digiri, mai duba takardun jarrabawar ƙasa, tsohuwar da ba ta san bambancin biro da fensir ba ta ɗaure ni da tambaya biyu. Abin haushin shi ne ba ƙarya ta yi ba. Tukunyar ɗaya ce, kuma tana raguwa. Na fara bayanin cewa an gina lissafin ne a kan ba kowa ke ciwo lokaci guda ba, ta ce to ai shi ke nan, ita tana cikin waɗanda ba sa ciwo. Mai adaidaita ya ce, "Malam, za ku hau ko in wuce?" Ta hau. Ni ma na hau, don ba ni da wata dabara.

Haka muka shafe fiye da shekara. Ba ta taɓa fashin zubi ba, ko ranar ruwan sama. Rasit ɗinta a jere suke cikin samira, an ɗaure da zare. Magani kuwa, in ƙeyar ta matsa mata sai ta je kemis ta sayi ƙwaya biyu ko uku da kuɗinta, ta sha ɗaya, ta adana saura, ta bi da zoɓo marar sukari da tafarnuwa. Nas ta yi bayani har muryarta ta dishe cewa maganin hawan jini kullum ake shansa, ba sai an ji ciwo ba. Gwaggo ta ce yaran yanzu komai sai sun mayar da shi kullum. Na ce to bari in riƙa sayo mata na wata guda daga aljihuna. Ta ce tana da adashen magani kuma a ce ɗan ƙaninta na saya mata magani, so nake a yi da ita a unguwa?

Sau ɗaya na ɗaga mata murya a rayuwata, kuma a kan wannan ne. Na same ta zaune a bakin gado, ido ya yi ja, tana cewa ɗakin yana juyawa. Na ce abin da take yi ba kirki ba ne, girman kai ne aka yafa masa mayafi. Na ce gwamnati ba ta san tana yi ba, ba wanda zai zo ya gode mata. Ta bari na gama tsaf.

"Malam Makaranta, ka gama karatun? To ga ƙofa nan."

Mako biyu ba ta amsa gaisuwata ba. In na shigo sai ta juya ta kama hira da kaji. Amma duk Juma'a kwanon dambun da ta saba aika wa gidana bai fasa zuwa ba, sai dai ta riƙa gaya wa matata a waya cewa na yaran ne, kada a ba wanda ya fi ta ilimi.

Madam ce ta kawo dabara. Ta tare ni a gaban shagonta ta ce, "Malam, kai Turanci kake yi mata da Hausa, shi ya sa. Mama ba ta jin 'ki taimaki kanki.' Abin da take ji shi ne 'an zo kanki.' Ka bar mini."

Ita da nas suka je suka sami akawun. Ban san me suka gaya masa ba, na dai san Madam ta tafi da lemo a leda ta dawo babu. Ranar ɗaya ga wata Madam ta ce tana da sayayya a wajen, ta raka Gwaggo. Da aka gama ƙirga kuɗi, akawun ya buɗe wani babban fayil, ya bi layi da yatsa, ya cire gilashi ya ce, "Hajiya, barka. Wannan watan ke ce."

Gwaggo ta ce a ba wani, ita ba ta matsu ba.

Madam ta dafa ƙirji. "Haba Mama! Ke da bakinki kika ce wadda aka zo kanta ta ƙi ɗauka ta raina 'yan zubi. Ko mu ne ba mu isa ba, a nan kuma dokar ta canza?"

An kama ta da dokarta. Washegari ta shirya tun kafin in iso. Likita ya duba ta, aka ba ta maganin wata guda a farar leda, ta riƙe shi a cinya har gida kamar an ba ta ajiyar marayu. Kwana talatin ba ta tsallake ko ɗaya ba, bayan sallar asuba, da bisimilla. Jinin ya sauka. Ƙeyar ta daina ciwo. Har gishiri ta rage, ko da yake ta ce miyar ta koma ruwan wanke kwano. Nas ta riƙa zagaya tsakar gida tana waƙa. Ni kuwa na sayi tsire na kai wa Madam, na ce ta fi ni iya koyarwa, ta ce ai ta daɗe da sani.

Da wata ya ƙare na zo da safe in kai ta karɓo na gaba. Na same ta tana tsince shinkafa, ba alamar fita.

"Gwaggo, ki shirya mana. Maganin ya ƙare."

"Ai na ɗauka."

"Eh, na wancan watan. Yanzu na wannan."

Ta ajiye faifan, ta dube ni da tausayi, irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya maimaita aji sau biyu.

"Babana, a ina ka taɓa jin an ɗauka sau biyu a jere? Sai ya zagayo."

"Gwaggo, mutum dubbai ne! Yaushe zai zagayo?"

"Ran da Allah Ya so. Gaggawar me kake yi?"

Muka koma wajen akawun. A watan da ya biyo ya sake buɗe fayil ya ce an sake zuwa kanta. Nan take ta gane. Ta ce masa ashe shi ma maƙaryaci ne, kuma uwar adashen da ke ba mutum ɗaya sau biyu tana da wanda take zalunta, ta ajiye masa kuɗinta ta fita. Madam ta sha nata faɗan, kwana goma Gwaggo na aikawa wani shagon sayen sabulu. Dabararmu ta saya mana wata guda, ta kuma rufe mana ƙofar da muka shiga ta cikinta.

Bayan wata biyar, wata Talata da hantsi, nas ta dawo daga aikin dare ta same ta a ƙasa kusa da murhu, ɓarin jikinta na dama ya saki, bakin ya karkace. Muka kai ta asibiti. Na miƙa katin a wurin rajista, aka karɓa, aka ba ta gado, ba wanda ya tambaye ni ko kwabo. Abin da na yi shekara biyu ina roƙo a yi da ƙafa, ga shi an yi a kan gadon turawa.

A rana ta biyu hankalinta ya dawo. Ta bi ɗakin da ido, ta ga ƙarin ruwa a hannunta, ta ga sauran gadajen da masu jinyarsu. Da nas ta kawo ƙwaya da ruwa a kofi, sai ta datse baki. Ta yi mini alama in matso. Maganar na fita da ƙyar, sai da ta maimaita sau uku na ji.

"Layin wa na ci?"

Nas ta juya baya, kafaɗunta na rawa, ban san ko kuka ba ne ko haushi. Ni kuwa duk bayanan da na tara na shekara biyu suka taso mini, na ga ba ko ɗaya da zai buɗe bakin nan. Sai na tuna abin da ke rubuce a takardar albashina duk wata, wanda ban taɓa kawo shi a maganarmu ba don ban ga alaƙarsa ba.

"Nawa ne, Gwaggo. Ni ma ina ciki. Duk wata ana cire zubina daga albashi, kuma ban taɓa ɗauka ba. Na bar miki."

Ta tsura mini ido. "Tun yaushe?"

"Tun kafin ki shiga."

Ta shiga lissafi, na ga leɓenta na motsi. Sannan ta ce, "To me ya hana ka faɗa?" Ta buɗe baki, nas ta sa mata ƙwayar.

Abin da na gaya mata gaskiya ne. Ba ƙarya ba ce, ba dabara ba ce, jimla ce guda da ke aljihuna tun ranar farko, na tsallake ta na tafi neman hujjojin littafi. Ta sha duk abin da aka ba ta ba musu har kwana huɗu. A na biyar, bayan azahar, ta cika.

Allah Ya ji ƙan Gwaggo, Ya yafe mata, Ya yafe mana abin da muka gaza. Ya haskaka kabarinta, Ya saka mata da alherin da ta yi wa matan da ba su da wata ma'ajiya sai samirarta. Roƙo ɗaya na ƙara a kan na jama'a, kuma da gaske nake yinsa: ranar da za a buɗe ƙofar Aljanna a kira sunanta, ya Allah, kada Ka bar ta ta tsaya duba waɗanda ke bayanta. Ka sa ta shiga kawai.